Gado: takardun da ke cin rai da duwatsun da ke ƙasan akwati

Uwargida, idan ba ki taɓa bin takardun gado ba, ki gode wa Allah, amma kada ki wuce wannan shafin. Ranar addu'ar bakwai ake naɗe tabarmi, a mayar da kujerun haya da manyan tukwane, dangin nesa su nemi mota, gida ya yi tsit. Washegari kuɗin makarantar yara na jira, buhun shinkafa ya kai gindi, mai gidan haya ya aiko da gaisuwar da kowa ya san abin da ke bayanta. Kuɗi kuwa akwai su. Kin san akwai, domin saƙon banki yana nan cikin wayar marigayi, kina ganin adadin da idonki. Sai dai tsakaninki da su an gina katangar takardu, kowace takarda tana cewa sai kin kawo 'yar'uwarta.

Ta farko ita ce shaidar mutuwa. Mu a nan mutum kan rasu da asuba a ɗakinsa, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu wanda ya tuna da likita balle takarda. To banki bai san ɗaruruwan mutanen da suka sallaci gawa ba, takarda ya sani. Idan a asibiti aka cika, likita zai rubuta tasa, a kai wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, ita ta ba da shaidar. Idan a gida ne, galibi sai an haɗa da takardar rantsuwa daga kotu da wasiƙar mai unguwa ko dagaci. Wannan ce mai sauƙin.

Inda kai ke fara zafi shi ne suna. Mutum ɗaya ne, uban 'ya'yanki, amma a katin ɗan ƙasa Muhammad yake, a banki Mohammed, a takardar ɗaukar aiki Muhammadu, a takardar fili kuma Mamman da sunan garinsu a ƙarshe. Ranar haihuwa nan 1 ga Janairu, can wata rana daban da wani magatakarda ya ƙirƙira masa shekara talatin da suka wuce. Yana raye babu wanda ya damu, ya shiga banki a gaisa a sallame shi. Yanzu da ba ya nan ya ce ni ne, kwamfuta ta ga mutum huɗu. Ke ma ba ki tsira ba: Hauwa'u a wata takarda, Hauwa a wata, shi kuma da ya zo cike fom ya rubuta Kulu, domin haka yake kiranki. Kowane saɓani rantsuwa ce a kotu, wani har da sanarwa a jarida. Sannan a ce ki kawo takardar aure. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida gaban jama'a, aka raba goro da alawa, ga 'ya'ya biyar, yau ana neman shaidarsa a rubuce.

Akwai wani ruɗani da ya raba zumunci a gidaje da yawa, wato gurbin nan na makusanci da ake cikewa a fom ɗin banki da na wurin aiki. Mutane na ɗauka duk wanda aka rubuta sunansa a nan shi ne mai kuɗin. Ba haka ba ne. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne idan wani abu ya faru, ba ya mayar da ƙani magaji, ba ya kuma hana matar da ba a rubuta ba haƙƙinta. Banki ba zai buɗe asusun mamaci ba sai da izinin kotu. A babbar kotun jiha akwai sashen da ke ba da takardar izinin kula da dukiyar mamaci: a ba ku fom ku zaga da shi kowane banki ya rubuta abin da ke ciki, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa ko akwai mai ja, a jira, a biya kuɗin da ake lissafawa bisa ƙimar dukiyar, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A jihohin Arewa kotunan shari'ar Musulunci ne ke rabon gadon Musulmi, kuma sukan rubuta wa banki. Kafin ki kashe kuɗin mota, a tura wani ya tambayi kowane banki takamaimai wace takarda yake karɓa, a rubuto jerin, domin abin da ya wadatar a wannan reshe ba lallai ya wadatar a wancan ba.

Sai kuma kalmomin da duk wadda ta bi wannan layi ta haddace. Oga ya fita. Babu netwok. Ki dawo Litinin. Hoton nan ya tsufa, a sake wani mai farin baya. Wata maƙwabciyarmu sau huɗu tana zuwa wani ofis da goyo, kowane zuwa a gano takarda ɗaya da ba a ambata mata a zuwan baya ba. Ba ta zargin ma'aikacin da mugunta, ta ce shi ma ba a taɓa ba shi cikakken jerin ba. Ni dai ina ganin ofishin da zai iya buga kalanda mai launi duk shekara zai iya buga takarda guda ya manna a ƙofa.

Idan marigayi ma'aikaci ne a sabon tsarin fansho, kada a tsaya kan abin da ke asusun fanshonsa kaɗai. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba, kuma iyalai da yawa ba su san da wannan ba balle su tambaya. Gida ko fili kuwa, tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 sauya sunan mai takardar mallaka sai ya bi ta ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, da haƙurin da ya fi na mai jiran damina.

Abu biyu kafin mu bar nan. Ki kula da layin wayar marigayi, a riƙa sa masa kati, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya sayar wa wani, alhali duk saƙon banki ta nan yake shigowa. Sannan ko kin san lambar sirrin katinsa, ki kame hannunki. Daga lokacin da rai ya fita kuɗin nan sun zama na magada duka, da ɗan kishiya da tsohuwar da ke ƙauye, kuma takardar bayanan asusu za ta nuna ranar da aka cire kowace naira.

Dukiyar da ba ta da ko takarda ɗaya

Duk wannan zirga-zirga tana faɗowa ne a cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, lokacin da mace ta ajiye kwalli da lalle da turare, ta cire 'yan kunne da zobe da awarwaro ta ƙulle a ƙyalle ta tura ƙasan akwati. Tana fita da rana don lalura ta dawo ta kwana a ɗakinta, wuya babu komai, hannu cike da fayil.

Wannan ƙullin na ƙasan akwati shi ma dukiya ne, wani lokacin ya fi abin da ke banki. Shi ne bankin mata tun kafin a kawo banki: ana sayen gwal da kuɗin adashi, a sayar ranar da ciwo ya zo ko za a yi wa 'ya kayan ɗaki. Ba ya neman rantsuwa, ba ya cewa ki dawo Litinin. Daɗinsa ke nan, kuma nan ne haɗarinsa. Kuɗin banki sun yi wa kansu takardu har sun ishi mutane, amma da wuya su yi ƙafa. Abin wuya kuwa kan ɓace tsakanin wankan gawa da sadakar uku, kowa ya ce bai gani ba. Wanda bai ɓace ba a sayar da shi a wulaƙance, saboda babu wanda ya san mene ne a jikinsa.

Ki zazzage ƙullin kakarki wata rana a kan farin ƙyalle, kusa da taga. Gwal kowa ya san shi. Duwatsun nake so ki duba.

Ga tsakiya, doguwar nan mai ja-ja da ratsin fari, wadda idan kin ɗaga ta a rana haske ke shiga cikinta kamar zuma a kwalba. Dutsen aƙiƙ ne. A garin Khambhat na jihar Gujarat a Indiya an shafe dubban shekaru ana gasa irin wannan dutse cikin tukwane har janta ya fito, a feƙe, a huda, a goge. Daga can yake bi ta Makka da Masar, alhazai da fatake su shigo da shi, ya ƙare a Kasuwar Kurmi. A ƙarni na 19 wani gari a Jamus, Idar-Oberstein, ya shiga cinikin: suna sayo ɗanyen dutse daga Brazil, su rina, su yanka shi daidai da yadda matan Afirka ta Yamma ke so, har da mai siffar zobe da kan mashi da Buzaye ke ratayawa. Wato abin da tsohuwa ta ɗaura a wuya ranar sunan mahaifiyarki mai yiwuwa ya ƙetare teku biyu kafin ya iso gare ta. Ki duba bakin hudar. Idan zare ya cinye shi ya yi sumul, to wuya da yawa ya gani.

Ga lantana, jan dutsen da fataken Hausawa ke gangarowa da shi ta kogin Kwara zuwa Ilori, inda masu sana'ar ke huda shi da ɗan tsinken ƙarfe, bugu kaɗan-kaɗan, kafin su goge shi a kan dutse har ya yi sheƙi. Duk mai suna Lantana ta san da abin da aka kwatanta ta. Ga murjani, wanda shi ba daga ƙasa ake haƙo shi ba, wata halitta ce ta cikin teku ke gina shi a hankali. Ja mai kyau daga Bahar Rum yake fitowa, kuma garin Torre del Greco kusa da Naples a Italiya ya yi suna wajen sassaƙa shi. An ambace shi a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u da yaƙutu. Yana girma ne sannu ƙwarai, an kuma ɗebe shi da yawa, shi ya sa tsohon murjani mai kauri yau ba abin ba yara su yi wasan 'yar tsana ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki, har da ɗan haushi, shi ne duwatsun da ke ƙarƙashin ƙafarmu. A tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, inda sanyi ke sa mutum neman bargo da rana tsaka, ana haƙo safaya, wato shuɗin yaƙutu. Wajen 2014 labarinsa ya cika kasuwannin duwatsu na duniya saboda shuɗinsa mai haske ne, garau kamar sararin sama bayan ruwan farko. Akwai safaya a kudancin Kaduna ma, wajen Jama'a. Shi da jan yaƙutu asalinsu dutse ɗaya ne: ɗan burbushin kuromiyam ya shiga ya zama ja, baƙin ƙarfe da titaniyam suka shiga ya zama shuɗi. Haka zumurrudu, koren nan, da akwamarin mai launin ruwan teku, uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma ana samun su a yankin Nasarawa Eggon da Gwantu.

Sai tomalin, dutsen da ke zuwa da kusan kowane launi, wani ma rabi kore rabi ruwan hoda a jiki guda kamar an yanka kankana. Akwai wani irinsa da aka fara ganowa a jihar Paraiba ta Brazil a ƙarshen shekarun 1980. Jan ƙarfen da ke cikinsa ne ke ba shi wani shuɗi-kore mai ƙyalli, ki rantse an kunna masa fitila a ciki. Wajen 2001 aka samu irinsa a kudu maso yammacin Najeriya, daga baya a Mozambik. Mai kyau daga cikinsa ƙwayar da ba ta kai wake ba tana cin dubban daloli. Galibin waɗannan duwatsu namu ɗanye suke fita. A kai su Bangkok ko Jaipur a yanka a goge, wani a gasa shi launinsa ya ƙara fitowa, a ɗora a kan zobe a Dubai, sannan hajiyarmu ta sayo shi ta dawo da shi gida tana cewa ɗan waje ne.

Tanzanait kuwa wuri ɗaya tak ake samunsa a duniya, wasu 'yan tuddai da ake kira Mererani kusa da Arusha a Tanzaniya. A 1967 aka gano shi, kamfanin Tiffany na Amurka ya raɗa masa suna. Ki juya shi nan ya yi shuɗi, ki juya can ya koma ruwan makuba. A watan Yunin 2020 wani mai haƙa Bamasaye, Saniniu Laizer, ya fito da guda biyu, ɗaya ya haura kilo 9 ɗaya kilo 5, gwamnatin ƙasar ta saya a kan shilin biliyan 7.7, kimanin dala miliyan 3.4.

A gaban sikeli

Yanzu ki ɗauka an zo rabo, an kwashi kayan marigayiya an kai layin 'yan gwal. Mai shago zai duba hatimi: 750 gwal mai lamba 18 ke nan, 875 mai lamba 21, 916 mai lamba 22. Zai goga, ya ɗora a sikeli, sannan ya ce za a cire nauyin dutse. Wani ma a gabanku zai sa ɗan ƙarfe ya ɓanɓare duwatsun ya ture gefe. Ba zaluntar ku ya yi ba, sana'arsa gwal ce, kuma yawancin abin da ke ƙyalli a jikin sarƙoƙin Dubai da Saudiyya gilashi ne ko dutsen masana'anta. Amma idan aka yi dace zoben na safaya ne na gaske, to an auna akwati an zubar da kayan ciki. Shi dutse da karat ake auna shi, karat biyar ne giram ɗaya, kuma karat guda na dutse mai kyau na iya fin duk gwal ɗin da ke riƙe da shi. Ko da za a sayar, ku ce a ba ku duwatsunku a takarda.

Kada kuma zuciya ta ɗebe ki ki ɗauka duk jan dutse yaƙutu ne don kawai ya tsufa. Tun 1902 wani Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana hanyar ƙera yaƙutu a masana'anta, kuma irinsa ya cika zobban tsarabar Makka tun zamanin da ake tafiya ta Sudan. A gida za ki iya rage shakka kaɗan: dutse ya fi gilashi sanyi idan kin ɗora a kumatu, roba ba ta da nauyi, gilashi kan nuna 'yan kumfa a ciki idan kin haska fitilar waya. Wannan bai isa a raba gado a kansa ba. A nemi wanda ya karanci duwatsu, irin malaman sashen ilimin ma'adinai na jami'o'i ko cibiyar nazarin haƙar ma'adinai da ke Jos, ya duba da na'ura ya rubuta. Kuma wanda zai yi ƙima kada ya zama shi ne mai saye. Ba a ba kura ajiyar nama.

Na wa ne?

A gidaje da yawa da zarar uwa ta rasu sai a ce kayan mata na mata ne, 'yan mata su shiga ɗaki su raba sarƙoƙi, maza su tsaya kan fili. Idan kowa baligi ne kuma ya yafe da bakinsa, babu laifi. Amma a shari'a ɗan kunne dukiya ne kamar gona. Bayan an yi wa mamaci sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, duk abin da ya rage na magada ne. Misali mace ta rasu ta bar miji da ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata biyu, iyayenta sun riga ta, kayan adonta aka yi musu ƙima naira 4,000,000. Miji na da rubu'i, 1,000,000. Ɗan na da 1,500,000, kowace 'ya 750,000. Wadda ke son ta riƙe abin wuyan uwarta sai a lissafa shi cikin rabonta, idan ya haura ta cika wa 'yan'uwanta. Idan akwai ƙaramin yaro a cikin magada, babu mai ikon yafe rabonsa a madadinsa, ko wanda ke riƙonsa.

Sai maganar da ta fi kowace jawo kuka: ai Mama ta ce nawa ne. Wataƙila ta faɗa, har sau goma. Amma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu ta koma cikin gado. Idan kuma a ciwon ajali aka yi ta, hukuncin wasiyya take ɗauka, magaji kuwa ba a yi masa wasiyya sai sauran magada sun amince. Don haka idan kin yi niyyar tsakiyar nan ta zama ta Auta, ki ba ta tun kina da lafiyarki, a gaban shaidu, ta ɗauka ta tafi da ita. Idan yarinyar ƙarama ce, ki tambayi malami yadda ake karɓa mata, domin akwai bayani a wurin. Ki kuma yi adalci tsakanin 'ya'ya, kada kyauta ta zama wutar da za ta ci bayanki.

Ta ɓangaren miji ma haka. Gwal ɗin lefenki da na sadakinki naki ne, ba ya shiga gadonsa. Amma akwai maza masu sayen gwal a matsayin ajiya su ce ki riƙa sawa. Ranar da ya faɗi, danginsa za su ce ajiya ce, ke ki ce kyauta ce, a gidan da mata biyu ko uku ke raba tumuni ɗaya kuwa kowane giram ana kallonsa. Tambayar tana da nauyi a baki, na sani. Ki yi ta cikin raha ranar da ya kawo, Alhaji, wannan nawa ne ko ajiya? Ya amsa miki a saƙon waya, ki adana.

Littafi ɗaya

Tunda ofisoshi ba su tanadar wa wannan dukiya takarda ba, ke za ki yi mata. Ki samu ƙaramin littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane abu shafinsa: mene ne, giram nawa, lamba nawa, wane dutse ne a jiki idan kin sani, daga ina ya zo, naki ne ko na aro ko ajiyar wata. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin mata na ba juna ajiya ba tare da mazansu sun sani ba, kuma an sha raba sarƙar maƙwabciya a cikin gado. Ki ɗauki hoton kowanne a kan farin ƙyalle da rasit ɗinsa a gefe. Rasit ɗin shagunan Dubai da Makka tawadarsa kan goge cikin 'yan shekaru, hoton ne zai rage. A shafukan baya ki rubuta bankunanki da bashin da ake binki da wanda kike bi, har zubin adashi. Ki lallaɓa maigida shi ma ya zauna ku daidaita sunansa a katin ɗan ƙasa da BVN da wurin aiki tun yana iya zuwa da ƙafarsa.

Su kansu duwatsun suna son kulawa, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. A ma'aunin tauri mai hawa goma, daiman ne a 10, safaya da jan yaƙutu 9, zumurrudu da tomalin tsakanin 7 da 8, tsakiya kusan 7, tanzanait ƙasa da haka kaɗan, murjani kuwa bai wuce 4 ba. Idan kin zuba su a gwangwani ɗaya, mai tauri zai karce mai laushi. Kowanne da ƙyallensa. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙwayoyin yashi masu tauri 7, don haka kada ki goge murjani ko tanzanait a bushe, ki fara ɗauraye ƙurar da ruwa. Humra da turaren fesawa da lemon tsami suna kashe hasken murjani da lu'ulu'u, fairuza kuma tana shan mai ta canza launi, saboda haka sai kin gama shafe-shafenki da turaren wuta sannan ki saka su. Zumurrudu ba ya son ruwan zafi, domin yawanci an cike 'yan tsagoginsa da mai. Tsohon zaren tsakiya kuwa ki sake shi tun bai tsinke miki a gidan biki ba, a yi ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta.

Littafin kada ya kwana a akwati ɗaya da kayan, wanda ya ɗauki ƙullin zai haɗa da shi. Ki ajiye shi wani wurin, ki tura hotunan shafukan ga mutum biyu da kika yarda da su, ɗaya daga danginki ɗaya daga cikin manyan 'ya'yanki. Ranar da kika je layin 'yan gwal kika canza sarƙa saboda sallah ko biki, ki dawo ki ja layi a kan tsohon shafin, ki buɗe sabo, ki sa kwanan wata.